Ɗaki Mai Taga a Jirgin Ruwa

Ina zaune a buronmu, wato ofishinmu na jami'a, a Bron kusa da Lyon, ina fama da shafukan ƙarshe na littafin digirina, sai ga wata talla ta faɗo min a ordinatar, wato kwamfuta. Jirgin ruwa ne na yawon shaƙatawa, zai tashi daga Marseille, mako guda a kan teku, kuma an karya farashi. Na saba share irin waɗannan ba tare da na karanta ba. Amma da idona ya sauka kan ranar tashi, wallahi sai da na miƙe tsaye. Abokiyar aikina, wata Baturiya mai sanyin hali, ta ɗago kai ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau, Inna ce za ta hau teku.

Inna mahaifiyarmu ce. Za ta zo daga Damagaram don ta ga ranar da zan kare digirina gaban malamai, kuma bizar da aka ba ta gajeriya ce. A cikin ƴan kwanakin nan jirgi ɗaya tak ya dace da mu, shi ne wannan. Ruwa mafi girma da Inna ta taɓa gani shi ne tabkin bayan unguwarmu in damina ta yi kyau. Ni kuwa tun zuwana Faransa nake son in ga fuskarta ranar da za ta duba gabas da yamma ta rasa tudu.

Sai dai Inna ba ta zama ɗakin da babu taga. Ƙirjinta ke toshewa, zufa ta karyo mata. Ko a gida, da zafi da sanyi, ƙofarta a buɗe take kwana. Ɗakunan jirgin kuma iri-iri ne. Akwai na ciki masu arha, bango huɗu da fitila. Akwai masu taga. Akwai masu baranda, waɗanda ko kallonsu ban yi ba don na san ba namu ba ne. Abin da nake nema ɗaki mai taga na mutum uku: Inna, ni, da Yaya, babban wanmu da ke Paris. Ga shi nan kuwa a gabana, da rangwamensa. Na danna. Shafin ya ce ya ajiye min ɗakin na ƴan mintuna, wani ɗan agogo ya fara sauka a gefe.

To a gidanmu ba a yanke magana kan Inna sai an ji ta bakin Yaya. Na kira shi nan take.

"Yaya, ina wuni? Akwai wani jirgin..."

"Lafiya lau, Auta. Ina gajiya? Ya karatu? Ya sanyin Lyon? Ya malaman naku?"

Na amsa ɗaya bayan ɗaya, idona a kan agogon. Na tambayi aikinsa, na tambayi iyali, don in ban tambaya ba sai an kai ƙarata Damagaram. Ina buɗe baki in shiga magana, ya ce, "Ga antinki ku gaisa." Wayyo Allah! Matar Yaya mutuniyar kirki ce, amma gaisuwarta ba ta da birki. Kafin ta mayar masa da wayar, agogon ya mutu. Na sake danna ɗakin. Yana nan, amma farashin ya ɗan motsa sama, kuma an rubuta da jan rubutu cewa saura kaɗan.

Da na yi masa bayani, Yaya ya yi dariya. "Ke dai akwai ki da gaggawa. Ana sayen abu irin wannan a waya? Ki zo ranar Asabar mu duba tare."

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ordinatar a cinyata, ina leƙa farashin duk inda aka samu layi. Yaya yana zaune a Goutte d'Or, hawa na sama, inda ake jiyo hayaniyar kasuwa har cikin falo. A kasuwar Rungis yake aiki, ɓangaren kayan lambu, yana fita lokacin da mutane ke kwanciya, ya dawo lokacin da suke tashi. Na same shi ya sa tabarau, ya gyara zama, an kawo shayi. Ya duba hotunan jirgin, ya ga wurin cin abinci, ya ga tagar, idonsa ya yi haske. Ya ce, "Kai! Wannan ai gari ne guda." Na ce to mu biya. Sai ya rufe ordinatar a hankali.

"Auta, ba ki san kasuwa ba. In mai kaya ya ga kina so, kin shiga uku. Tafiya ake yi, shi zai kira ki."

"Yaya, na'ura ce fa. Ba ta da baki."

"Bayan na'urar akwai mutum, kuma mutumin yana da kaya mai ruɓewa. Tumatir nake gani kullum. Da sassafe ana ja masa aji, rana na ɗagawa sai a roƙe ka ka ɗauka. Jirgi zai tashi da ɗaki babu kowa? Ranar tashi na matsowa za su sauko."

Abin haushin shi ne maganarsa ba ta wauta ba ce. Abin da ya fi ba ni haushi kuma, washegari muna karin kumallo sai ga saƙo a wayata daga masu jirgin, wai ɗakinku yana jiranku, kada ku bari ya wuce. Yaya ya buga cinya, har shayi ya zube. "Ba na faɗa miki ba? Ga shi ya biyo mu da gudu!" Muka buɗe. Lallai an ƙara ragi, amma a ɗakunan ciki marasa taga. Namu yana inda yake. Ya ce saura ƙiris shi ma ya sauko, a ƙara ja masa rai. Ni ma, in faɗi gaskiya, daɗin cinikin ya kwashe ni. Muka yi ta dariya muna yi wa masu jirgin ba'a, na koma Lyon ina jin kaina ƴar kasuwa.

A tsakiyar mako ɗakin ya ɓace. Ba tsada ya yi ba, babu shi ne kwata-kwata. Masu taga na mutum uku sun ƙare, na mutum biyu ma suka bi su. Masu baranda suka haye inda ko a mafarki ba zan kai ba. A saman shafin kuma an rubuta da manyan baƙaƙe wai an tsawaita promo, wato rangwamen. Promon me? Abin da ya rage ɗakunan da Inna ba za ta iya numfashi a ciki ba ne, su kam sai ƙara arha suke.

Na kira Yaya, na gaishe shi a gajarce, na ce, "Tumatirinka ya ƙare." Sai ya ce ko a nemi wani jirgin. Na ce wane jirgin, bizar Inna za ta jira mu ne? Na kashe waya na zauna ina kuka don takaici, don na riga na faɗa wa Inna, ita kuma ta riga ta faɗa wa unguwa.

Washegari na shiga wani ofishin tafiye-tafiye a tsakiyar Lyon, ba don ina sa rai ba. Matar da ke wurin ta duba, ta girgiza kai. Amma ta ce kada in cire rai gaba ɗaya. Lokacin rangwame, in ji ta, mutane da yawa kan sa a riƙe musu ɗaki na ƴan kwanaki ba su biya ba. Wanda bai biya ba, ɗakinsa ya dawo kasuwa, sai dai ba ya daɗewa, wanda ya riga gani shi ke ɗauka. Na fito daga wurin jinina na tafasa. Ashe farauta ce!

Daga ranar na zama ba ni da aiki sai sabunta shafi. Ina goge baki ina dubawa, ina layin abinci ina dubawa. Malamin da ke duba aikina yana yi min bayani kan babi na ƙarshe, ni kuwa wayar na ƙarƙashin tebur. Sau ɗaya wani ɗaki mai taga ya leƙo, kafin in zaro kat ɗin banki daga jaka ya tafi, na yi ihu a ɗakin karatu har aka juyo ana kallona. Daga nan na haddace lambar kat ɗin kamar karatun allo.

Wata safiya ina cikin tram, jirgin ƙasan cikin gari, zuwa Bron, a tsaye, an matse ni ta ko'ina, na sabunta shafin don sabo kawai. Ga shi! Ɗaki mai taga, kusa da na'urar hawa bene, farashin ya ɗan ɗara na farko amma ana iya ɗauka. Na danna da ƙarfi har wayar ta kusa suɓucewa. Sai na lura na mutum biyu ne. Agogon ya fara sauka. Na rubuta sunan Inna. Saura layin suna ɗaya.

Tun da na fara wannan fafutuka, kaina nake gani kusa da Inna a bakin tagar nan. Amma yatsana ya tsaya. Yaya ɗan fari ne, kuma Inna mace ce mai kunya irin ta da. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, in ya shigo ɗaki sai ta sami abin yi a tsakar gida. Mu ƙanana mun sha cinyarta har muka gaji, shi gaisuwa ce rabonsa. Shi ya riƙe karatuna da ɗaukar akwatunan kayan lambu, kuma tun zuwansa ƙasar nan ban taɓa jin ya tafi hutu ba. Na rubuta sunansa, na biya, ban tambayi kowa ba. Tram ya wuce tashata ina tsaye ina dariya ni kaɗai, hawaye na zuba.

"Ni da Inna ɗaki ɗaya?" in ji Yaya da na faɗa masa. "Auta, kanki ɗaya kuwa? Me za mu ce wa juna har mako guda?"

"Gado biyu ne. Ku kalli ruwa."

"Cire sunana ki sa naki. Ke kika sha wahalar."

"Tikitin rangwame ne, Yaya, ba a canza suna. Ka je ka nemi hutu."

Ya yi ta faɗa, ya ce na raina shi, ya ce zai haɗa ni da Inna. Da ya gaji sai ya tambaye ni, a hankali, wane irin kaya ake sawa a jirgin ruwa.

Inna ta zo, na kare digirina, ta rangaɗa guɗa a zauren, irin wadda Turawa ba su taɓa ji ba. Na raka su har Marseille. Da ta ga jirgin ta kama salati, ta riƙe hannuna gam, ta ce wannan dutsen ne zai yi iyo? Suka shiga, Yaya na gaba da jakunkuna, ita tana baya nesa da shi kamar ba tare suke ba. Na koma Lyon zuciyata cike da murna da ɗan kishi.

Da jirgin ya tsaya a wata tasha aka samu layi, na kira wayar Yaya da hantsi. Inna ce ta ɗauka, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Inna, ya teku? Kina ganinsa ta taga?"

"Na gani jiya. Ruwa ne, Allah mai iko. Yau dai na ja labule."

"Labule? Haba Inna! Kin san wahalar da na sha kan tagar nan? Ƙirjinki fa?"

"Ƙirjina lafiya lau. Rage murya. Yayanki ke barci, hasken yana dukan fuskarsa." Ta ƙara rage murya. "Ashe furfura ta fito masa. Ina nan zaune kusa da shi, kada wani ya buga ƙofa ya tashe shi."