Rijiyar da Aka Garƙame

Jagoranmu yana ta zuba: rijiyar nan ta shekara ɗari uku ba ta ƙafe ba. Tunda ƙasashe biyu ke jayayya a kanta, an rufe bakinta da ƙarfe, an garƙama kwaɗo. Mu kuwa, ko kunya babu, muna ta ɗaukar hoto.

Sai ga wata tsohuwa daga rafi mai nisa, jarka a ka, gammonta sharkaf, ƙafafunta duk faso. Ina jin ruwan rijiyar nan ta sha ta girma, amma ko kallonta ba ta yi. Gorunan ruwanmu take kallo.

"Ɗan nan," ta ce da jagoran, "in sun gama, tambayar min su: ƙishirwar tawa ta wace ƙasa ce?"