Tupaye Ya Ci Mini Babban Yatsa

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. A Zongon Wagadugu aka haife ni. Ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, maƙwabcina ne ke rubuta wannan ina faɗa masa. A lokacin da nake ba ku labari ina ji da ƙarfina. Da sassafe in ɗauko nama daga mayankar Kossodo a bayan moto, kafin rana ta yi zafi na gama sara na jera a tebur. Wanda ya je asibiti don wuƙa ta yanke shi, dariya muke yi masa.

Mu mahauta muna da abinmu. Kafson nan ja da rawaya da ake ce wa tupaye, kowa yana da shi a naɗin hularsa. In ka yanke, sai ka ɓare ɗaya ka zazzage garin a kan ciwon, ka ɗaure da tsumma, ka ci gaba da aiki. In ka tashi jiki ya yi nauyi, ka juye biyu a ruwan kafe, wato kofi, ka sha, wai yana wanke jini. Mai yawo da magani a keke har tsokanata yake yi, wai ran da na mutu zai fi iyalina kuka. Shekaru na yi a haka.

Wata rana ina sarar ƙafar bijimi, tsinin ƙashi ya shige mini gindin babban yatsan hannun dama. Ƙaramin ciwo ne, na yi masa yadda na saba. Ya kumbura, na ƙara. Uwar 'ya'yana ta ce hannun nan yana wari, in je a duba. Na ce mata warin nama ne, kuma da shi take cin tuwo. Da zazzaɓi ya kama ni sai na je wurin wani ɗan unguwarmu mai aikin jinya, wanda ke yi wa mutane allura a gida. Bai tambaye ni abin da na sha ba. Ya yi mini allurai, kumburin ya ɗan sauka, na ce ya isa haka, shi ma bai musa ba. Na koma bakin tebur.

Ba a jima ba ciwon ya dawo, ya haura har gwiwar hannu. Ɗaukata aka yi zuwa babban asibiti. Lokotoron, wato likitar, mace ce, sa'ar 'yata. Ta tambaye ni abin da nake sha, na tuɓe hula na zazzage mata a kan gado. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka ɗebi mugunyar aka je aka auna. Da sakamako ya fito ta zauna kusa da ni, tana ce mini baba, ta ce ƙwayoyin cutar da ke hannuna sun saba da magani. Kullum ina ba su kaɗan-kaɗan, bai kashe su ba, sai dai ya koya musu jurewa. Magungunan da aka saba bayarwa duk ba sa jinsu, saura guda ɗaya da ake sawa ta jijiya. Ta ce za ta yi ƙoƙarin ceton hannun, amma yatsan ya riga ya ruɓe. Na ce ta cire ƙanana biyu ta bar mini babban. Ta ce nan ba kasuwa ba ce.

Hannun ya tsira. Yatsan ya tafi.

Wanda ba mahauci ba ba zai gane ba. Yatsu huɗu ba sa riƙe wuƙa. Na gwada da hagu, naman ya fito kamar kare ne ya yaga. Yanzu wani ke yanka a teburina, ni ina zaune ina korar ƙuda, ina naɗe wa mutane a takarda. Da Layya, ni da nake feɗe ragunan rabin layinmu, ƙafar ragona na riƙe wani ya yanka mini.

Na yarda da ƙaddara, amma ni na buɗe mata ƙofa. Maganin nan ba gishiri ba ne da za a barbaɗa a komai. 'Yan'uwana mahauta, da 'yan dako, da direbobi, kada ku sha sai an duba ku an rubuta muku, in kuma an rubuta ku shanye har ƙarshe ko da kun ji sauƙi. Ku kuma masu aikin jinya, ku yi tambaya kafin ku soka allura, kuma kada kunyar furfura ta sa ku bar mutum ya tsaya a rabi. Ni na tarar da magani ɗaya ya rage. Ran da aka sallame ni, lokotoron ta ce akwai waɗanda ake kawo mata ba ta da ko ɗaya da za ta ba su.