Takalmin Baba Nomau

Har gobe ban manta da ranar da takalmin Baba Nomau ya ƙi rabuwa da ƙafarsa ba. Ku da kuka shigo aikin jinya kwanan nan kuna ganin na cika fitina, don na ce duk mai ciwon sukari a tuɓe masa takalmi a duba ƙafa, ko da ciwon kai ne ya kawo shi. Na san har suna kun laƙaba mini a bayan idona. Ba komai. Ku gyara zama ku ji mafarin abin.

A lokacin ban zama majo ba, wato shugabar ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar jinya ce kawai a Agiye, sai aka sa ni cikin wata tawagar bincike kan ciwon sukari irin na manya, wanda likitoci ke kira nau'i na biyu, mai shiga mutum a hankali ya daɗe bai sani ba. Abin da ake son ganowa shi ne irin ɓarnar da ciwon ke yi wa mutanen karkara kafin su kai ga babban asibiti. Muna zagaya ƙananan asibitocin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, da likita guda daga Maraɗi, da mai awon jini, da direba, da ni. Sai an yi wa mutum bayani ya yarda kafin a taɓa shi. Daga nan a auna jini da fitsari, a duba ido, a duba ƙafa. Ƙafa ita ce rabona.

Kayan aikina ba abin a zo a gani ba ne: wani siririn zaren roba mai ɗan tauri, kamar tsinken tsintsiya. Mutum ya rufe ido, in dangwala masa a tafin ƙafa, in ya ji ya ce ya ji. Dalili kuwa, sukari in ya daɗe da yawa a jini yana cin jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, kuma daga yatsun ƙafa yake farawa.

Ranar muna wani ƙauye kusa da Sae Sabuwa, ƙarshen bazara, hadari ya fara leƙowa amma ruwa bai sauka ba. Rairayi ya yi zafin da ko jaki sai ya nemi inuwa. Tun daga cikin ɗaki nake jin wani dattijo ya cika gindin bishiya da surutu, masu jira suna ta dariya. Majon asibitin ya ce mini, "Baba Nomau ke nan. Tsohon ɗan tauri ne, a zamaninsa wuƙa a cikinsa take lanƙwashewa. An daɗe da gano masa sukari, amma magani sai ranar da ya ga dama yake sha."

Ga wanda bai sani ba, 'yan tauri su ne masu shan maganin da suka yi imani yana hana ƙarfe shiga jiki. Gado ne a gidansu Baba Nomau, kuma da shi yake taƙama.

Da layi ya zo kansa sai ya tsaya a bakin ƙofa zai tuɓe takalmi, yadda kowane mai ladabi ke yi. Takalmin taya ne irin na manoma. Na hagu ya zame ya faɗi. Na dama ya ƙi. Ya girgiza ƙafa, ya taka diddigen da ɗaya ƙafar ya ja, takalmi na nan daram.

Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, kin ga takalmin ga? Ya hi matata sona."

Na ce, "Baba, zauna in taimake ka, kar a ce mun raba aure."

Ya zauna a benci, na durƙusa na ɗaga ƙafar. Wari ne ya fara tarar da ni. Sannan na ga kan wani abu ya nutse cikin tayar daga ƙasa, ya sha taku har ya yi ƙyalli. Na ɗan ja takalmin, sai naman tafin ƙafar ya biyo shi. Abin ya huda taya ya shige ƙafa, ya haɗa su wuri guda. Na ga raunuka a aikin nan iri-iri, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutumin nan da ƙafa ya tako daga ƙauyensu, kowane taku yana ƙara kafa abin, ga shi kuma yana kallona yana murmushi.

Na kira likita. Ya zo ya duba. Ban da sabon raunin, akwai tsohon gyambo a gindin babban yatsa, bakinsa ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura ta yi zafi.

Likita ya ce, "Baba, wannan gyambon tun yaushe?"

"Wanga? Tun sanyi. Wajen jin ɗumi wuta ta lashe ni. Ina ganinai wajen alwala, in shahwa mishi man shanu. Ba shi ciwo, likita. Abin da ba shi ciwo ai ba ciwo ba ne."

Kafin a haɗa kayan aiki na gwada zarena a ƙafar hagu. Na dangwala a yatsa, shiru. A tsakiyar tafi, shiru. A diddige, shiru. Duk inda na tambaya sai ya ce "ban ji ba" da wata irin murya ta wanda ya ci gasa. Sai a lokacin na fahimci cewa ni da shi ba abu ɗaya muke gani ba. Ya gaya mini da bakinsa: maganin da ya sha tun yana saurayi ne ya nuna da tsufa, ya sauko ƙafa. Ƙaya ba ta damunsa, zafin rairayi ba ya damunsa, samarin gari har roƙonsa suke ya ba su sirrin.

Likita ya yi masa bayani a natse, cewa ruɓa ta kama, in ba a kai shi babban asibitin Maraɗi a yau ba, ƙafar za a iya rasa ta gaba ɗaya, har ma abin ya taɓa rai. Baba ya saurara da ladabi, sannan ya ce ai ƙaya ce ya taka, a cire masa ita kawai ya koma, ruwa na iya sauka ko yaushe, ga iri bai gama gyarawa ba. Ka'idar aikinmu ba ta yarda a tilasta wa kowa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ina ji ina gani dattijo zai tafi da ƙafar da ba za ta kai kaka ba.

Aka yanke igiyar takalmin, aka tsaga tayar, likita ya kama abin da almakashin aiki ya zaro a hankali. Ya jefa shi cikin tasar ƙarfe, ya yi ƙara.

Ƙarar ce ta sa Baba ya juyo. Ya ce, "Mi ne ne wanga?"

Na ce, "Ƙusa ce, Baba."

"Ba ƙaya ba?"

Na miƙa masa tasar. Ƙusa ce mai tsatsa, tsawonta ya kusa ɗan yatsa, irin ta katakon amalanke. Ya daɗe yana kallonta. Murmushin nan ya gushe, fuskar ta zama ta tsoho sosai. Shi ya yi wa kansa lissafi: ƙaya itace ce, wuta wuta ce, amma wannan ƙarfe ne, kuma ya shiga.

Can ya ce da ni a hankali, "Ɗiyata, in ba tauri ba ne, mi ya hana ni ji?"

Na ce, "Sukarin ne, Baba. Ya kashe jijiyoyin ƙafar."

"Shina bin gida?"

"Yakan bi jini, sau da yawa."

Ya dafe kai. Ya ce, "Ƙanena Ɗan Ladi, bara ƙahwa tai ta bar ji. Munka ce gado ya kama shi, har zakara munka yanka don murna. Babban ɗana kuwa cewa ya yi shina jin kamar tururuwa na yawo a tahin ƙahwa. Ni da bakina na ce mishi ya yi haƙuri, magani ne ke shiga."

Gida guda, maza uku, ciwo na cin su daga ƙasa suna yi wa juna barka.

Shi da kansa ya nemi a kai shi mota. Amma ya ƙi shiga sai da aka tura mai babur ya ɗauko ƙanen da ɗan, ya gan su zaune a bencin awo da idonsa. Dukansu ba a taɓa auna su ba, dukansu kuma aka samu sukarin ya hau. Ƙafafunsu ba rauni tukuna, aka ɗora su kan magani, aka koya musu duba tafin ƙafa kullum da zazzage takalmi kafin a sa. Shi Baba, a Maraɗi an cire masa babban yatsa da na kusa da shi, aka ceto sauran. Shukar shekarar ba da shi aka yi ba.

Abin da ranar ta koya mini ke nan. A lakol, wato makaranta, an nuna mana cewa zafi ne ke kawo majiyyaci asibiti, to wannan ciwon ɗan aiken nan, wato zafin, yake fara kashewa. Mutanenmu kuma ba wawaye ba ne. In jiki ya canza sai sun nemo masa dalili daga abin da suka gada, wani lokaci dalilin ma abin alfahari ne. Saboda haka kar ku tsaya a bakin tebur kuna tambaya, "Baba, akwai inda ke ciwo?" Zai ce muku lafiya lau, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ku durƙusa ku duba. Wanda ya fi kowa cewa ba ya jin komai, shi ne ya fi ba ni tsoro.