Abokin Kafaɗa

Ni dai ba na iya haye gada ban leƙa ƙarƙashinta ba. Ko kwalbatin bakin titi ne, sai na tsaya na duƙa na ga yadda aka zaunar da shi. Uwargida ta yi mita har ta gaji, 'ya'ya kuma suka mai da abin wasa, wai tsoho ya tsaya gaida surukarsa. Su yi ta dariyarsu. Duk wanda ya sa kaki a rundunar injiniyoyin soja ya san wannan ciwo, kuma ba ya warkewa.

Zamanin yaƙin basasa na shiga soja, ko gemu ban fara ba. Ba ni na zaɓi injiniya ba. Jera mu aka yi aka tambayi wanda ya taɓa riƙe guduma, ni kuwa ɗan maƙera ne daga cikin birnin Daura, sai na ɗaga hannu da rawar jiki. Na zaci makanike za a mai da ni. Ashe dako na saya wa kaina.

Sajenmu wani tsoho ne da ya je yaƙin Bama tun zamanin Turawa. Shi ya riƙa ba mu tarihin rundunar, ko muna so ko ba ma so. Ya ce na farkonsu adda da diga da shebur aka miƙa musu, su sare daji su fitar da hanya alfadarai su wuce. Sannu a hankali aka koya musu haɗa gada, da tace ruwan sha, da tono nakiya. Sauran sojoji suna tsokanarmu, wai leburorin soja. Abin yana ƙona mini rai, sau da yawa har na so a dambace. Saje kuwa sai ya ce, "Ƙyale su, yaro. Ranar da suka iso bakin kogi za su gaishe ka da ladabi." Haka kuwa ake yi.

Gadar da muke haɗawa ta ƙarfe ce, gunduwa-gunduwa ake kawo ta a mota. Kowace gunduwa mutum shida ke ɗauka, biyu-biyu, da sanda a tsakaninsu. A nan ne Saje yake da wata al'ada tasa. Sai ya sa mutum biyu su tsaya baya da baya, ya ɗora sanda a kafaɗunsu. In sandar ta karkata ya raba su, don in ɗaya ya fi tsawo nauyin kan gajeren yake komawa. In ta zauna daidai, shi ke nan, an ɗaura muku aure. Wannan shi ne abokin kafaɗarka. Da shi za ka yi dako, da shi za ka ci, ramin ɓuya ɗaya za ku haƙa.

Nawa wani baƙin saurayi ne marar yawan magana, mai haƙuri kamar ƙasa. Ni wuta, shi ruwa. A sojan wancan lokaci sunan yanka ba ya aiki, da sunan garinka ake kiran ka. Ni ake ce wa Daura, shi kuma Kano, don a can aka ɗauke shi kuma ya ce ɗan can ne. Ban taɓa tambayar sunansa ba, shi ma bai tambayi nawa ba. Yanzu in na faɗa wa yara haka sai su riƙe baki. To, mutumin da kake jin numfashinsa a kunnenka kullum, me za ka yi da sunansa?

Abu ɗaya ya haɗa shi da Saje. In muna ɗaure gungume da igiya, ƙa'ida ita ce ka naɗa, ka shaƙe tsakiya, ka soke wutsiyar sau ɗaya. Shi sai ya soke sau biyu, ya kuma mayar da bakin ta baya. Saje ya zage shi, ya sa shi tsallen kwaɗo, wai yana ɓarnar igiyar gwamnati. Gobe ya sake. Ban taɓa ganin taurin kai mai shiru irin nasa ba.

Wata damina muna tura gada a bakin wani kogi a kudu, taɓo har gwiwa, sai aka fara yi mana ruwan igwa. Na gaba suka zame, ƙarfen ya taho kaina ya danne ni daga ƙugu. Kowa ya yi ta kansa, kuma ban ga laifin kowa ba. Shi kaɗai ya dawo. Na ga ya cusa sandar dako ƙarƙashin ƙarfen ya sa kafaɗa, jijiyoyin wuyansa kamar za su tsinke, ya ja ni da ƙafarsa. Ya saɓa ni ya kai mota. Abin da na sani ke nan. Da na farfaɗo ina asibiti mai nisa, rundunarmu ta yi gaba. Na daɗe a kwance, sannan aka sallame ni daga aiki na dawo Daura da ɗingishi.

Ban ce masa na gode ba. Wannan abu ya tsaya mini a wuya fiye da shekara hamsin. Na yi aure, na buɗe shagon walda, na aurar da 'ya'ya, abin yana nan. Na je Kano neman sa ban san iyaka ba. Ka tsaya a birni kamar Kano kana tambayar wani tsohon soja da ake ce wa Kano, ai dole a yi maka kallon mai taɓin hankali. Duk taron 'yan mazan jiya sai na je, ina bin fuskokin tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. 'Yan rundunarmu da na gamu da su suka ce ya kai ƙarshen yaƙi lafiya, ya ajiye kaki, daga nan ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Shekaru suna tafiya, masu zuwa taron suna raguwa, ni kuma tsoro yana kama ni kada ɗayanmu ya riga ya tafi.

Daminar bara aka yi mana rasuwa a wani ƙauye bayan Baure, ni da babban ɗana muka tafi gaisuwa. Ruwa ya cinye hanya, dole muka bar mota muka taka. A kan wani rafi mutanen wurin sun yi 'yar gada ta azara da gungume. Ɗana ya ce, "Baba, don Allah yau dai a haƙura, rana tana yi." Na ce ya wuce in yana sauri. Na dafa sandata na gangara na leƙa.

Ɗaurin soja ne. An naɗa, an shaƙe tsakiya, an soke wutsiya sau biyu, an mayar da bakin ta baya. Na duba na gaba, haka. Na gabansa ma haka. Na zauna daɓas a cikin yashi mai ruwa da farar rigata.

Wani manomi da ya zo wucewa ya ce samarin gari ne suka ɗaura, amma wani tsoho ne ya koya musu, kuma ba ya yarda a soke sau ɗaya. Ya nuna mana gidan. Gaisuwar mutuwar da ta kawo mu sai ɗana ya je shi kaɗai, Allah ya yafe mini.

Na same shi a gindin darbejiya a ƙofar gida yana tufka igiya. Ya rame, kai ya yi fari fat, idanun sun yi hazo. Duk maganar da na shekara hamsin ina shiryawa ta gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kai maƙaryaci. Nan ne Kanon?"

Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya ɗaga kai yana neman inda muryar ta fito, ya yi a'uziyya a hankali. Ya ce, "Wane ne?"

"Daura ne."

"Daura ya rasu," in ji shi. "Bawan Allah, kada ka yi wasa da tsoho."

Na rantse masa, na ambaci Saje, na ambaci tsallen kwaɗo. Can sai ya dafa bishiya ya miƙe, ya ce in juya. Muka tsaya baya da baya kamar kuratan da aka kawo jiya, jikokinsa suna kallon ikon Allah. Ya shafa kafaɗata ya shafa tasa. Ya ce, "Ba shi ba ne. Wannan ya fi ni gajarta."

Na ce, "Ƙarfen da ka ɗaga ne ya cinye ragowar, ɗan banza."

Da jin zagin sai ya juyo ya riƙe ni. Muka yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Kuka sosai, irin na yara.

Da aka kawo fura muka zauna, na fara yi masa faɗa, don haushi ya dawo mini sabo. Na ce tsakaninmu tafiyar da ba ta kai yini ba ko a keke, ya bar ni ina gantali a Kano. Ya ce gudowa ya yi daga gida ya shiga soja ba da yardar mahaifinsa ba. Da ya ji ni ɗan Daura ne sai ya ƙara kama bakinsa, kada wata rana labari ya bi ta wurina ya iso gida. Harshenmu kuwa da na Kano ba nisa, shi ya sa ban taɓa zargi ba.

Na ce to, bayan yaƙi fa? Ai ya san garina.

Ya ce mu biyu aka sa a motar ran nan, ni da wani mai rauni. Direban ya dawo ya ce ɗayanmu ya cika a hanya, bai ce wanne ba, shi kuma da irin jinin da ya gani bai tambaya ba. Da ya dawo gida sai ya ɗaura damin gero a jaki ya nufi Daura don ya yi wa mahaifiyata gaisuwa. Ya shiga gari bai san sunana ba, bai san unguwa ba. Sai ya ce a nuna masa gidan sojan da ya rasu a yaƙi, dogo, baƙi. Aka kai shi wurin wata tsohuwa da ɗanta bai dawo ba. Ya durƙusa ya ce shi abokin ɗanta ne, tare suke ci tare suke kwana. Ta rungume shi tana kuka. Daga ranar, duk kaka sai ya kai mata gero, har Allah ya karɓi ranta, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta.

Na saki baki ina kallonsa. Na ce, "Wato shekara da shekaru kana shigowa garinmu kana ciyar da uwar wani, tawa tsohuwar tana nan bayan maƙera ba ta ga ƙwaya ɗaya ba?"

Ya ce, "Ai ita ma uwar soja ce."

Na so in yi dariya, na so in kwaɗa masa sanda. Sai na tuna godiyar da ban taɓa yi masa ba. Na kama hannunsa na ce na gode da ya dawo ya ciro ni, duk abin da na haifa da abin da na ci a duniya bayan wannan rana, bayan Allah shi ne sanadi. Ya janye hannunsa yana gunaguni, wai in ban tashi ba wa zai kama masa ɗaya gefen sandar, Saje ya haɗa shi da wani gajere ya karye masa baya. Haka yake tun da can, ba ya son a yabe shi.

La'asar ta yi, ƙafafunmu duka ba na zuwa masallaci da sauri ba ne, sai muka yi salla a nan kan tabarma. Da muka sallame ya ɗaga hannu. Ashe al'adarsa ce ya yi wa mamatansa addu'a a fili, ɗaya bayan ɗaya, jikokin ma sun haddace. Ya roƙa wa mahaifinsa gafara, da mahaifiyarsa, da matarsa ta fari, da Saje, da tsohuwar nan ta Daura. Bakinsa ya ci gaba da kansa kamar yadda ya saba: "Allah ka jiƙan abokin kafaɗata, ka haskaka kabar..."

Sai ya tsaya. Hannuwansa suna sama. Ya juyo da fuskarsa wajena, ya ce a hankali, "To yanzu yaya zan yi da kai? Tun ina saurayi kake wannan wuri."

Na ce, "Bar ni a wurin, kada ka cire. Saura kaɗan."

Sai ya ƙarasa addu'ar yadda ya saba, ni kuma na ce amin.