Ranar da Kawu Hassane Ya Kira da Kansa

Maazou mutumin Damagaram ne, direban foklif, motar ɗaga kaya, a wani sito da ke titin Wendover, kuma cikin 'yan Nijar na garin Greensboro a Amirka babu mai kama zance tun daga nesa kamarsa. In ka ce masa "lafiya lau", daga yadda ka ja numfashi zai gane jiya kun yi faɗa da iyali. Shi ake kira in za a yi sulhu. Yawan cewa "kai da lauya ka zama" ne ya shiga kansa, ya sayo littattafan LSAT, jarrabawar shiga makarantar lauyoyi, gemu ya fara furfura.

To, nan baiwar ta zame masa ciwo. Tambaya za ta ce: duk motar da ke garejin Eric ja ce, motar Prisca ja ce, me ya tabbata? Sai Maazou ya ce ai motar tana garejin, in ba haka ba me ya haɗa sunansu? Kuskure! Jarrabawar nan ba ruwanta da abin da ka hango, abin da aka faɗa kawai take so. Sau biyu tana kayar da shi. Ya dage ya kashe kunnen nan nasa, har matarsa Chamsiya ta ce zama da shi ya koma kamar zama da alƙali.

Ana saura mako ya zauna jarrabawar karo na uku, wayarsa ta yi ƙara. Kawu Hassane ne, yayan mahaifiyarsa. A gidansu babba ba ya kiran yaro, yaro ne ke nemansa da gaisuwa. Tun zuwan Maazou Amirka tsohon bai taɓa kiransa ba.

"Jikin Innarka ne ya ɗan motsa," in ji Kawu. "Ka sa ta a addu'a."

Chamsiya ta dafe ƙirji. "Maigida, Kawu fa da kansa! Nemi jirgi."

"Cewa ya yi jiki ya motsa. Bai ce in zo ba. Kada ki ƙara abin da ba a faɗa ba."

Wallahi ya sani. Tun kafin ya ɗauki wayar ya gane, amma ya sami inda zai fake, ya fake.

Ranar da ya gama jarrabawa, yana cikin mota a titin Gate City ya kira gida. Ya ji hayaniyar mutane da fatiha. An kai Inna tun da hantsi.

"Kawu, me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

Tsohon ya ce, "Ita ta hana, wai kada a ɓata maka karatu. Ban iya saɓa mata ba. Sai na ce, Maazou ne fa, in ya ji muryata kaɗai zai taho. Har jiya da la'asar tana tambaya ko ka sauka a Yamai."