Garin Ilu Mai Rijiya da Ke Cikin Waya

Duk wanda ya zauna da Ilu Mai Rijiya a shekarunsa na ƙarshe ya san ya daina yabo da kushe irin na sauran mutane. Komai sai da tauraro. A miƙo masa shayi, ya kurɓa, ya ɗaga ido sama ya ce, "Biyu. Da uku ne, an yi rowar madara." Ruwan sama ya sauka, ya leƙo daga rumfa ya ce uku, don ya zo da iska. Ranar da na ɗinka sabuwar riga na shigo majalisa ina taku ɗai-ɗai, ya dube ni tun daga hula har takalmi ya ce, "Rigar huɗu. Na cikinta ɗaya." Taubashina ne, ɗan gwaggona, don haka ba ni da wurin kai ƙara.

Ku da kuke zama da mu a rumfar Habu tela, kan hanyar Kusugu, kun san inda ya samo wannan ɗabi'a. Ga waɗanda ba su sani ba, daga wasan waya ne. Ilu ya yi rayuwarsa yana haƙa rijiya, daga ƙasar Baure har ƙauyukan Mai'adua, sai da gwiwoyinsa suka ƙi. 'Yarsa Hajara, malamar firamare, ta ɗauko shi daga ƙauye ta dawo da shi Daura, ta saya masa waya don ta riƙa jin lafiyarsa tana makaranta. Da ta ga zaman banza zai kashe shi, yana wuni yana faɗa da kaji, sai ta sa masa wasan da Habu tela ke bugawa.

Wasan ba shi da wuya. Fili ne fetal a fuskar waya. Ka danna nan, hatsi ya ƙaru. Ka danna can, itace. Ka danna gefe, dutse. In sun taru ka gina bukka, 'yan mutane ƙanana kamar tururuwa su zo su zauna, ka raba musu aiki. A haka ƙauye zai zama gari, gari ya zama birni, birni ya ci maƙwabtansa. In ka daina dannawa ka bar su, abinci ya ƙare, su fara mutuwa.

Da farko cewa ya yi, "Ni da na ci tuwo da guminsa, yanzu in yi noma da ɗan yatsa?" Ya ture wayar. Sai Habu ya nuna masa cewa ana gina rijiya a ciki. Ilu ya gyara zama. Ya danna, ƙif, ga rijiya ta fito da bakinta da guganta, dab da maƙabartar garin.

Ya ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba Ilu."

"Ba yashi ya zubo? Ba a ci karo da falalen dutse ba? Ba wanda numfashinsa ya ɗauke a ƙasa?"

"Ai wasa ne."

"Wanda ya yi abin nan bai taɓa shiga rami ba, ko na ɓera."

Hajara ce ta yi kuskuren gaya masa akwai inda masu bugawa ke rubuta ra'ayinsu, su ba da tauraro daga ɗaya zuwa biyar. Ya ce ta karanto masa na mutane. Wani ya ce wasan ya hana shi karatu. Wani ya ce talla ta yi yawa. Wani ya ce yatsansa ya kumbura amma ba zai daina ba. Ilu ya ce duk ba su san abin da ke ciwo ba. "Rubuta musu da Turancinku. Ki ce Ilu na Kanyar Maje ya ce ba a haƙa rijiya kusa da maƙabarta, kuma ba a gama ta rana guda. Ki ba su ɗaya." Ta ce, "Baba, tunda ɗaya ne, in goge maka shi?" Ya fizge wayar. "Wa ya ce ki goge? Mutanena na ciki."

Bayan wani lokaci amsa ta zo, irin wadda ake tura wa kowa, wai sun gode da shawara. Ilu ya zaga majalisa yana nuna wa mutane. "Sun ji. Za su matsar da maƙabartar." Har ya bar duniya ba su matsar ba, kuma duk sabon fasalin da suka fitar sai ya sa Hajara ta sake ba su ɗaya. Ban taɓa ganin mutumin da ya tsani abu kuma ya riƙe shi haka ba. Ko a jikin butarsa yatsan nan dannawa yake yi.

Kanyar Maje da ya ambata ita ce ƙauyenmu, can bayan Babban Mutum, dab da kan iyaka. Yanzu babu kowa. Damina ta yi ta gardama, samari suka yi ta ficewa, wasu Kano, wasu Agadas, wasu ba a sake jin labarinsu ba. Ni ne magidancin farko da ya loda kayansa a mota, wannan kowa ya sani, kuma Ilu bai taɓa bari na manta ba. Shi ne na ƙarshe da ya fito, shi ma sai da aka ɗauko shi.

To wasan yana bari ka sa wa mutanenka suna. Ilu ya zaunar da Hajara ta yi ta rubutawa. Ga Tanko maƙeri. Ga Inna Dije mai ƙuli. Ga liman Buba. Ga Audu kurma, wanda ya ce a ajiye shi nesa da tumaki don ba ya jin kukansu. Yawancinsu sun daɗe a ƙasa. Wata rana na leƙa na ga wani ɗan mitsitsi yana tafe a duƙe da kaya a ka.

Na ce, "Wannan fa?"

"Kai ne."

"Me nake yi?"

"Dakon dutse."

"Haba Ilu. Ga fatauci, ga kiwo, sai dutse?"

"Ai na ga ka iya lodi."

Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Duk lokacin da na ba shi haushi sai ya juyo min da wayar ya ce, "Duba, Sale, har yanzu kana aiki. A nan dai ba ka gudu ba."

Ran Juma'a yakan cire kowa daga aiki tun hantsi. Hatsi ya yi ƙasa, wasan ya yi ta nuna jan rubutu, Habu ya ce, "Baba, yunwa za ta kashe su." Ilu ya ce, "Su yi wanka su je masallaci. Ni ba Fir'auna ba ne." Sai bayan an sauko yake mayar da su, ban da ni. Ni a cewarsa matafiyi ne, Juma'a ba ta hau kaina ba.

Rigimarsa da Habu tela ita ce abincin majalisarmu. Habu yana bugawa tsakanin ɗinki da ɗinki, kuma bugun ci yake yi. Nasa ya zama daula, da jiragen ruwa da dogayen benaye. Na Ilu kuwa ya tsaya cak a babban ƙauye, saboda wasan ya ce ba za ka wuce nan ba sai ka gina ɗakin bauta, da wani gunki mai ƙaho a ƙofarsa.

Habu ya ce, "Danna kawai ka wuce, Baba. Hoto ne fa."

Ilu ya ce, "Gunkin ma ai hoto ne. Na tsufa ina salla, sai a cikin waya zan halaka? Da liman Buba a garin?"

Soja ma ya ƙi ɗauka, wai duk wanda ya riƙe mashi ya bar fartanya. Mahara suka riƙa shigowa suna kwashe masa rumbu. Muka ce ya gina ganuwa. Ya ce, "Na lura da su, ba sa wuce kashi ɗaya cikin goma. Ni kuma na nemi inda ake fitar da zakka a wasan nan ban gani ba. To ga masu karɓa Allah ya kawo." Sai da suka kashe masa Tanko maƙeri. Ranar bai ba shayi tauraro ba. Da na tsokane shi ya ce, "Sau biyu ke nan ina binne shi."

Abin da ya raba su da Habu na 'yan kwanaki shi ne wani wurin dannawa mai ruwan zinariya da ke fitowa a saman wasan. In ka danna shi, duk garinka zai shafe, ka koma fili fetal, amma da ƙarin ƙarfi, komai ya riƙa sauri. Masu bugawa sun ce nan ne daɗin wasan yake. Habu ya sha dannawa. Da ya yi wa Ilu bayani, Ilu ya tambaye shi, "Mutanen fa?"

"Waɗanne mutane?"

"Na garin da ka bari."

"Babu su. Sababbi za su zo."

Ilu ya dube shi, ya dubo ni, ya ce, "Ashe haka ake yi." Ya tashi da sandarsa ya tafi gida. Daga ranar ya liƙa ɗan ƙyallen filasta a daidai wurin, kada yatsansa ya zame.

Damina biyu da suka wuce ya matsa sai mun je Kanyar Maje. Muka hau mota zuwa Babban Mutum, daga nan muka ɗauki acaɓa. Ban so zuwa ba. Katangu sun narke sun koma tudu, tumfafiya ta fito a tsakar gidanmu, kanyar ce kawai ban ga ta canza ba. Ilu bai kalli gidansa ba, ya nufi rijiya, wadda ya haƙa yana saurayi. Ashe da guga ya taho a cikin buhu. Ya zura, muka ji ya taɓa. Akwai ruwa. Ya jawo, ruwan ya fito kore, da ruɓaɓɓen ganye da wari, don an daɗe ba a ɗiba ba. Ya kurɓa duk da haka.

Don in rage nauyin wurin na ce, "To, tauraro nawa?"

Ya zubar da sauran a gindin kanya ya ce, "Ba laifinta ba ne."

A hanyar dawowa ya yi ta danna waya a bayan acaɓa.

Da ciwo ya kwantar da shi, hannunsa ya fara rawa, ni yake kira in danna masa yana ba da umarni daga kan katifa. "Hatsi, ba itace ba. Kai ko a nan ba ka iya noma ba." Ranar ƙarshe da na same shi da sauran magana ya turo min wayar da cajarta ya ce, "Habu zai danna zinariyar nan. Hajara tana da aiki. Kai ne ba ka da abin yi." Na ce, "Wannan ne yabon?" Ya ce, "Ka samu biyu. Kar ka saba."

Da ya rasu, muna zaman makoki, ba wanda ya tuna da waya. Sai bayan an share makoki na sa ta caji na buɗe. Yunwa ta shiga garin. Inna Dije babu, liman babu, Audu kurma babu. Bukkoki a tsaye, ba kowa a ciki, maƙabartar nan da suka ƙi matsarwa ta cika ta matso har bakin rijiya. Na nemi ɗan dakon dutse a wurin dutse ban gan shi ba, na ce shi ke nan, ni ma na tafi. Sai na hango wani a bakin rijiya yana jan guga. Na kira Hajara ta karanta min sunan, don idona ba ya kama ƙananan rubutu. Ta ce, "Kai ne, Baba Sale. Shi ya ce in mayar da kai nan, ana gobe zai rasu, kafin ya ba ka wayar. Ya ce kada in gaya maka, kanka zai kumbura."

Yanzu ni nake dannawa. Ban iya ba, mutanen raguwa suke yi, kuma na kasa gane me nake yi ba daidai ba. Batirin ya kumbura har ya ɗaga bayan wayar. Na kai wa mai gyara na ce a mayar min da garin cikin wata, ya duba ya ce ba zai yiwu ba, don Ilu ya ƙi yin rajista, wai ba zai ba mutanen da ba su iya rijiya ba sunan ubansa. Garin a cikin wannan wayar kaɗai yake. Ya ce ba za ta kai wata damina ba. Habu ya ce in ɓare filastar in danna, ko na ga daɗin wasan kafin ta mutu. Filastar tana nan.

Allah ya jiƙan Ilu, ya yafe masa, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da garuruwa. Allah ya sada shi da Tanko da Dije da liman Buba a inda ba a tashi. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani. Ni dai kullum da safe ina buɗewa in duba, in ga ko ɗan mutumin nan yana nan yana jan ruwa. Yau ma yana nan.