Murhun da Aka Gina da Hanyar Makiyaya

Shekara goma sha huɗu Mme Matlali, wato Inna Matlali a yarensu, ta yi tana gyaran gadaje a masaukin masu wasan zamiya a kan ƙanƙara da ke ƙolin duwatsun Maloti, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaura katakon zamiyar nan a ƙafarta ba. In an tambaye ta dalili sai ta ja tsaki, ta ce ita ba ta ga hankali ba a ce ƙato da gemunsa ya biya kuɗi a ja shi da igiya zuwa kan tudu don kawai ya gangaro ya kife. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, muryarta tana tsallake kwari. Ma'aikata suna shakkar bakinta, baƙi kuwa suna son ta, don ba sa jin abin da take faɗa a kansu.

A ƙauyen da ke gindin mashigin dutsen aka haife ta, nan ta yi aure, nan ta haifi Tlali da ƙannensa mata biyu, waɗanda duk birni ya kwashe. Mijinta, Ntate Phamotse, wato Baba Phamotse, ya yi shekara ashirin a ramin zinariya a Afirka ta Kudu kafin a sallame shi. Ya dawo da tari da akwatin ƙarfe, ya sayi tumaki, ya koma sana'ar ubansa. Kowace shekara in damina ta kama a watan Oktoba sai ya kora garkensa zuwa ruga a bayan dutse, ba ya saukowa sai Mayu, kafin ƙanƙara ta rufe hanya.

Da, masaukin wata uku kawai yake aiki, lokacin sanyi. Daga baya masu shi suka ce ba za a bar ɗakuna suna hamma wata tara ba. Sai aka shigo da 'yan tseren keke, da masu gudun da ba a kore su ba, da masu kamun kifin da in sun kama sai su sumbace shi su mayar ruwa. Duk Matlali ce mai wanke musu zannuwa da kankare taɓon takalmansu. Wannan bai dame ta ba, aiki ne. Abin da ke ƙona mata rai shi ne, da zarar Afrilu ya ƙare, kowa a masaukin sai ya ɗaga kai sama yana roƙon ƙanƙara ta zo da wuri, ita kaɗai take roƙon Allah ya riƙe ta har mijinta ya sauko.

Tsakanin rugar da mashigin akwai wani fili a saman dutse, shimfiɗaɗɗe, ba itace ba alama. In gajimare ya sauka a wurin, mutum ba ya ganin ƙarshen sandarsa. Shi ya sa makiyaya tun kaka da kakanni suka tara tsibin duwatsu bakwai, kowanne ya kai tsayin mutum, daga wannan ka lallaɓa zuwa wancan har ka fito. Duk wanda ya wuce yakan ɗora dutse ɗaya. Phamotse kuwa har jan fentin da yake shaida tumakinsa da shi yake shafa wa gefen da ke kallon gida.

A watan Maris na bana aka kawo sabon manaja, Ntate Nkuebe, mutumin can gangare ne, daga wajen Mafeteng, inda ƙanƙara baƙuwa ce. Ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. Ya ce kafin babban tseren keke sai an gina ƙaton murhun gashin nama a tsakar masaukin. Ya tura leburori da tarakta, kwana uku suna jido.

Matlali ta fito da ƙunshin zannuwa a ka, ta ga magini yana jera duwatsu, ta ga jan fenti a jikin ɗaya. Ita ce ke sayo fentin nan da hannunta, ba ta buƙatar a gaya mata. Ta saki zannuwan a ƙasa ta nufi manaja.

"Ntate manaja, waɗannan duwatsun daga ina?"

"Daga kan dutse mana, Mme. Ko an ce miki daga birnin Maseru ake auno su?" Ya yi dariya. "Sa'a muka taka. A tare aka tarar da su, tsibi-tsibi, kamar an san muna zuwa."

"Kamar an san kuna zuwa! Kai da duk karatunka, in ka ga tuwo a kwano a bakin hanya sai ka ce tsirowa ya yi? Hanyar mutane ce kuka kwaso! Nawa kuka rushe?"

"Ban ƙirga ba."

"Bakwai ne," in ji maginin, ba tare da ya ɗago ba.

Ranar ta wanke shi tas, a gaban magini, a gaban masu dafa abinci, har wata baƙuwa ta tsaya tana murmushi don ta zaci waƙa ce. Nkuebe ya sha jinin jikinsa. Ya ce siminti ya riga ya kama, ba a fasawa, amma ya yi mata alkawari za a kafa jajayen sandunan ƙarfe a kan hanyar dutsen, masu ƙyalli, waɗanda suka fi tulin duwatsu sau goma. Kuma ya cika. Da idonta ta ga tarakta ta hau da lodin sanduna, ta sauko ba komai. Ranta bai yi sanyi ba, amma ta koma kan aikinta.

Ran Lahadi Phamotse yakan hau wani dutse inda waya ke kamawa ya kira ta. Ta zayyana masa komai, tana huci.

"Matlali, ke da faɗa!" ya ce, yana dariya yana tari. "Ko ke suka gasa a murhun ne? Na ga an kwashe, na ce ko aljanu ne suka fara gini."

"Ka bar wasa, baban Tlali. Yaushe za ka sauko?"

"Alhamis ta sama. Ciyawa na nan, ki bar bayin Allah su ƙara ƙiba. Ni fa tun ba ni da gemu nake bin hanyar nan."

"Da duwatsu kake bin ta. Ka saurare ni. Manaja ya sa an kafa jajayen sanduna. In gajimare ya sauko, kada ka yi mini taurin kan nan naka, ka bi su."

"To, uwar gida, na ji. Sanduna. Wane ni in ƙi!"

Alhamis ta waye garau, har Matlali ta yi wa Puleng, abokiyar aikinta, waƙa suna shanya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya iska ta juya. Kafin a ce me, ƙolin dutsen ya ɓace, ƙanƙara ta fara saukowa, manya-manya, a farkon Mayu. Baƙi suka fito da gudu suna ihu suna buɗe baki sama. Nkuebe ya hau buga ƙararrawa, ya ce shayi kyauta ga kowa, ya ce a ɗauki hoto a nuna wa duniya.

Matlali ta same shi a bakin ƙofa. "Mijina yana kan dutsen nan. Ka sa a tayar da motar ƙanƙara."

"Direban sai Yuni zai zo, Mme. Ki kwantar da hankalinki, ai akwai sanduna."

"To a kunna jiniya ya ji inda muke."

"Haba Mme, mu firgita baƙi? Mu ba shi awa ɗaya tukuna."

Ta bar shi ta zaga bayan gareji, inda leburan da ya kafa sandunan yake jin ɗumi. Ta tambaye shi ko sandunan sun kai har ruga.

"Wace ruga, Mme? Hanyar dutse aka ce mana. Hanya ɗaya ce a taswirar ofis, ta 'yan keke, ita muka bi."

"Ina ta nufa?"

"Ba ta nufi ko'ina ba. Zagaye ƙolin take yi ta dawo inda ta fara. Ai su yawo suke so."

Matlali ta tsaya kamar an dasa ta. Ba manaja ta fara tunawa ba, muryarta ta tuna, tana cewa ka bi su. Ta kira wayar mijinta sau ba adadi, ba ta shiga. Ta ja bargonta ta nufi ƙofar shinge, sai da Puleng da maza biyu suka riƙe ta, tana zaginsu, tana zagin uwayensu. A lokacin aka kunna jiniyar, amma iska ta riga ta fi ta ƙarfi.

Da safiyar Juma'a ta ji ƙararrawar ragon da ke jan garke. Ta fita ba takalmi. Tumaki ne, kamar rabin garken, sun jeru a jikin shinge, ƙanƙara ta daskare a gashinsu. Ta leƙa bayansu, ta sake leƙawa, ba kowa. Dabbobin sun san hanya. Da Phamotse ya juya su wajen sanduna sai suka ƙi, suka ɓalle suka sauko gida da kansu. Shi ne bai bi su ba, don ya yi wa matarsa alkawari.

Sai ran Asabar sama ta buɗe. Mazan ƙauye suka hau dawakai, suka same shi a can bayan ƙolin, zaune, ya jingina da jar sanda, ya lulluɓa da bargo, rai ya yi halinsa, karensa na kwance a ƙafarsa da rai. Sun ce daga yadda sauran tumakin suka warwatsu, ya zagaya dutsen fiye da sau ɗaya.

Nkuebe ya zo jana'iza. Ya yi kuka, kuma kukan gaske ne, wannan ma ya ƙara mata haushi, don ta fi son ta gan shi da busasshen ido ta ji daɗin tsanarsa. Masu masaukin suka aiko da saniya da wasiƙa mai cewa abin takaici ne yadda yanayi ya sauya ba zato. Yanayi! Kamar yanayi ne ya hau tarakta. Ta sa Tlali ya karanta mata sau biyu, sannan ta ce ya cusa a wuta. Mutane suka yi ta ba ta haƙuri, fadan coci ya ce kwana ne ya ƙare. Ba ta musa ba. Amma ba wanda ta gaya wa zancen wayar nan ta ran Lahadi, ko 'ya'yanta.

Tsakiyar Yuni ta koma aiki cikin baƙaƙen kayan takaba. Ta faɗa daidai ranar buɗe wasan bana. Motoci sun cika fili, kiɗa na tashi, an hura sabon murhun, ƙamshin naman rago ya cika wurin. Ta gyara ɗaki huɗu. A na biyar ta leƙa ta taga, ta ga wani baƙo ya ɗora ƙafarsa a kan dutsen nan mai jan fenti yana ɗumama takalmi, kwalba a hannu.

Ta sauko, ta bi ta gareji ta ɗauki ƙarfen ɓanɓare taya. Ta ratsa cikin baƙi, ta ce wa mai takalmin ya janye ƙafarsa, kuma ko da bai ji yaren ba ya janye. Ta soka ƙarfen a tsakanin siminti ta danna da duk nauyinta.

Nkuebe ya taho da sauri. "Mme, don Allah. Mme Matlali, baƙi suna kallo."

"Su kalla. Ai kallo suka biya."

"Na yi miki alkawari, in sanyi ya wuce zan sa a..."

"Kai, Ntate!" Ta juyo da ƙarfen a hannu, ya ja da baya. "Ka ƙara yi mini alkawari ɗaya a duniyar nan, ka ga abin da zai faru. Na ɗauki maganarka na kai wa mutum, ya yarda da ni. Ka matsa."

Ya matsa. Ta ci gaba da dannawa har simintin ya tsage, dutsen ya faɗo. Ta cire gyalen aikinta ta naɗa gammo. Puleng ce ta fito daga ɗakin girki, ta kama mata suka ɗora. Mai kula da igiyar jan mutane ya ce ta zo ya ja ta zuwa sama, ta ce Allah ya kiyaye. Da ƙafa ta hau, a gefen filin wasan, masu zamiya suna wuce ta fuu, wasu suna ɗaga mata hannu. Tsibi bakwai ne, ta sani, kuma kowanne duwatsu ne fiye da ɗari. Ko shekara nawa za ta ɗauka, ta ce sai ta mayar.

Rana ta karkata kafin ta kai saman. Ta tsaya tana haki, wuyanta kamar zai karye. Fili ne fari fat, ko'ina iri ɗaya, ƙanƙara ta shafe sawun tarakta, ta shafe gurbin kowane tsibi. Mata ba sa zuwa ruga, ita ba ta taɓa taka wurin nan ba. Ta juya gabas, ta juya yamma, ta yi taku goma ta dawo. In ta ajiye shi inda ba daidai ba, wani ne zai bi shi ya ɓace.

"Baban Tlali," ta ce da ƙarfi, cikin faɗa, yadda ta saba yi masa magana. "A ina yake? Ka gaya mini mana, a ina zan ajiye?"

Ta daɗe a tsaye da dutsen a ka.